Ƙasar Kazaure: Tarihinta, Yanayinta da Tsarin Mulkinta

Manufar wannan takarda ita ce a duba yadda ƙaramar ƙasa irin Kazaure ta tsaya da ƙafarta a tsakanin manyan maƙwabta, da kuma yadda ikon da ke hannun sarautarta ya sauya hannu.

Kazaure tana arewa maso yammacin Jihar Jigawa, a kan hanyar Kano zuwa Daura. Ta yi iyaka da ƙasar Kano daga kudu, da Daura daga arewa, da Katsina daga yamma. Ƙasa ce mai duwatsu da kwazazzabai, musamman wajen Roni da garin Kazaure kansa. Mafi yawan mutanenta Hausawa ne da Fulani, manoman gero da dawa da gyaɗa da wake, da kuma makiyaya. Waɗannan duwatsu da suka rage wa manomi fili, su ne suka zama garkuwa a zamanin yaƙi.

Wanda ya kafa masarautar shi ne Ɗantunku, Bafillace daga Yarimawa, wanda ya taimaki masu jihadi a kan Sarkin Kano Alwali. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, sai Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a. Aka yi ta gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya bar Kazaure ta zama masarauta mai bin Sakkwato kai tsaye. Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai suka sa Kazaure cikin Lardin Kano, amma da En'e tata. Sarki ke riƙe da baitulmali da 'yan doka da gidan yari, haraji da jangali kuwa suna hawowa daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, ya miƙa aiki ga majalisar ƙaramar hukuma, sarki ya koma uban ƙasa mai ba da shawara. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talaka ya huta, amma hukuma ta koma dogaro da kason da ke zuwa daga sama. A 1991 Kazaure ta faɗa Jihar Jigawa, yanzu kuma masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi.

A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Abin da ya rage ga manazarta shi ne su bi sawun wannan kuɗi, su gani ko yana isa rijiya da makaranta da ɗakin shan magani na ƙauye, domin a nan ne manomi ke auna hukuma.