Rikicin Mallakar Sunayen Shafukan Intanet: Nazari Kan Tsarin Sasanci na UDRP

Gabatarwa

Duk shafin da ke intanet yana da sunan da ake isa gare shi da shi, wanda yake ƙarewa da .com ko .org ko .ng. Ƙa'idar rajistar waɗannan sunaye ita ce wanda ya riga zuwa shi ke samu, ba tare da an tambaye shi alaƙarsa da sunan ba. Tambarin kasuwanci kuwa ba haka yake ba: kowace ƙasa da rajistarta, kuma kamfanoni biyu suna iya amsa suna ɗaya muddin sana'arsu ta bambanta. A intanet mutum ɗaya tak ne zai riƙe suna a duk duniya. Daga wannan saɓani ne rikicin ya samo asali, domin tun cikin shekarun 1990 wasu suka mayar da shi sana'a: su yi rajistar sunan wani shahararren kamfani da kuɗi kaɗan, sannan su tsawwala masa farashi.

Asalin tsarin

Kai irin wannan ƙara kotu yana da wuya, saboda mai tambari yana iya zama a Faransa, wanda ya riƙe sunan a Koriya, kamfanin rajista kuma a Amurka. Shi ya sa hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998 don kula da tsarin sunayen intanet, ta amince da tsarin sasanci na UDRP a 1999, bisa shawarar WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙarfin tsarin daga yarjejeniya yake fitowa: duk wanda ya yi rajistar suna mai .com ko .net ko .org ya riga ya amince a gurfanar da shi gaban masu sasanci idan aka yi ƙorafi a kansa. Ƙara ta farko ta shafi sunan worldwrestlingfederation.com, wanda mai riƙe da shi ya nemi sayar wa kamfanin kokawa mai wannan suna a kan dala 1,000. A Janairun 2000 aka ba da umarnin miƙa sunan ga kamfanin.

Sharuɗɗa uku

Dole ne mai ƙorafi ya tabbatar da abu uku gaba ɗaya. Na farko, sunan daidai yake da tambarinsa, ko yana kama da shi har ya rikita mutane. Na biyu, wanda ya riƙe sunan ba shi da wani haƙƙi ko halastacciyar manufa a kansa. Na uku, da mugun nufi aka yi rajistar, kuma da mugun nufi ake amfani da shi. Idan ɗaya ya faɗi, ƙara ta faɗi.

A takarda ake yin komai. Wanda ake ƙara yana da kwana 20 ya mayar da amsa, masu sasanci kuma kwana 14 su yanke hukunci bayan an naɗa su. A cibiyar sasanci ta WIPO kuɗin ƙara gaban mai sasanci ɗaya dala 1,500 ne, gaban mutum uku dala 4,000. Ba a biyan diyya. Iyaka a soke sunan ko a miƙa shi. Ana kuma jira kwana 10 na aiki kafin a zartar, don wanda bai gamsu ba ya garzaya kotu.

Abin da shari'o'i suka nuna

Ƙararraki biyu na shekarar 2000 sun fito da ma'aunin a fili. Mawaƙiya Madonna ta karɓe madonna.com daga hannun wanda ya sayi sunan ya ɗora hotunan batsa a kai. Mutumin ya kafa hujja da tambarin da ya yi wa rajista a Tunisiya, amma masu sasanci suka ga cewa ya yi rajistar ne kawai don ya kare riƙon da yake yi wa sunan. Mawaƙi Sting kuwa ya sha kaye a kan sting.com, domin kalmar gama-gari ce a Turanci, mai riƙe da ita ya daɗe yana amfani da ita a matsayin laƙabi, kuma ba a tabbatar da mugun nufi ba. Ashe shahara kaɗai ba ta isa ba.

Shari'ar barcelona.com ta nuna iyakar tsarin. A 2000 aka ba majalisar birnin Basalona sunan, amma a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ce a dokar ƙasarta sunan gari tsagwaronsa ba tambari ba ne. Hukuncin mai sasanci, ke nan, ba ya ɗaure hannun alƙali.

Inda tsarin yake da rauni

Mai ƙorafi ne yake zaɓar cibiyar da zai kai ƙara, shi ne kuma yake biyan ta. Farfesa Michael Geist na Jami'ar Ottawa ya nuna a nazarinsa na 2001 cewa masu ƙorafi sun fi samun nasara gaban mutum ɗaya fiye da gaban mutum uku. Ga kuma matsalar harshe da gajeren wa'adi: ƙaramin ɗan kasuwa da aka aiko wa takardun lauyoyi da Turanci yana iya rasa sunansa don kawai bai amsa a kan lokaci ba. Tsarin ya yarda a ayyana cewa mai ƙorafi ya nemi ƙwace suna da zalunci, sai dai babu tarar da ke biyo baya. Wannan giɓi ne da ya kamata a toshe, domin babban kamfani ba ya jin zafin tsawatarwa ta fatar baki.

Kammalawa

Duk da haka tsarin ya yi amfani: a 2023 kaɗai WIPO ta karɓi ƙararraki sama da 6,000, waɗanda da kotuna za su kwashe shekaru a kansu. Amfaninsa yana nan ne muddin aka tsayar da shi a kan abin da aka gina shi dominsa, wato mugun nufi bayyananne, aka bar wa kotu rikicin mutum biyu da kowannensu yake da hujja. A Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da sunaye masu .ng, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta mamaye sunan wani. Don haka duk ɗan kasuwar da ya fara sayar da hajarsa ta intanet, ya yi wa tambarinsa rajista, ya riƙe sunan shafinsa da sunansa na kansa maimakon na wanda ya gina masa shafin, ya kuma sabunta shi kafin wa'adi ya cika. Kuɗin yin haka bai kai ko kusa da kuɗin ƙara ɗaya ba.