Tambari a Ƙasar Tasawa da Mayahi: Asalinsa, Gyaransa da Gane Shekarunsa

Daga Tasawa zuwa Mayahi, har garin Cake, wanda takardun gwamnati ke rubutawa Tchaké, akan tarar da tsofaffin ganguna a gidajen sarauta da na makaɗa. In aka tambayi shekarunsu, amsar ba ta wuce "tun kaka da kakanni". Masu faɗin haka suna da gaskiyarsu, sai dai ganga haɗin abubuwa ce, kuma kowanne da nasa shekarun. Akwai kango, wato icen da aka sassaƙa, akwai fata, akwai igiyoyin ɗauri. Fata kan mutu a sauya ta sau da dama, kango kuwa yana nan. Mai son sanin tsufan ganga, ko mai niyyar gyara ta, sai ya fara da sanin yadda ganguna suka zo wannan yanki.

Tambari shi ne babba a cikinsu, domin shi ne muryar sarauta. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, wani basarake mai suna Dagaci ya zo daga Borno da ganguna da ƙahonin busa da tutoci. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka shigo da kakaki. Tun daga lokacin kiɗan fada ya zama abin da ake gane girman sarki da shi. A Katsina, cikin kayan sarautar da aka gada, tare da takobin nan Gajere da tukunyar ƙarfe ta Sarki Korau, har da tambarin da ake kira Gwauron Tambari. Ana buga tambura ranar naɗin sarki, da daren Salla, da lokacin fita yaƙi. Rundunar da aka ƙwace wa tambari a fagen fama ta yi abin kunyar da ba a mantawa.

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya sauya wa kiɗa matsayi. Shehu ya soki kiɗan shagala, amma ya yarda a buga tambari don wata bukata ta shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta. Saboda haka tambari ya rayu a ɓangarorin biyu, na masu jihadi da na sarakunan Haɓe. Da Birnin Katsina ya faɗa hannun Malam Ummarun Dallaje a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi hijira arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi. Gobirawa ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. Tasawa kuwa tsohon garin ƙasar Katsina ne a kan hanyar fatake tsakanin Abzin da Kano, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a cikinta a watan Janairun 1851. A ƙarshen ƙarni na 19 rikicin sarauta a Maraɗi ya sa Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa da zama. Ba a daɗe ba, a watan Yulin 1899, rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta iso yankin tana ƙone garuruwa, kuma a Maijirgi, kusa da Tasawa, kaburburan jagororin biyu suke.

Wannan tarihi na hijira da yaƙi da gobara shi ya sa tamburan yankin suka kasu uku. Akwai waɗanda aka gudo da su daga tsofaffin birane, akwai na ganima, akwai kuma waɗanda aka sassaƙa sababbi a inda aka sauka, aka ba su sunan na da. A na ukun nan ake yawan ruɗewa. Idan mai riƙon tambari ya ce nasa tun zamanin Korau yake, mai yiwuwa sarautar da kiɗan yake nufi, icen kuwa an sauya shi a tsakani. Haka kuma ƙauyuka da yawa na arewacin jihar Maraɗi an kafa su ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka lafa manoma suka bazu neman gonaki. Gangar da aka sassaƙa a irin wannan gari ba za ta girmi garin ba, sai in an tabbatar da ita aka zo.

Gangunan talakawa nasu labarin daban ne. Kalangu na mahauta da 'yan dambe ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta gayya, talle na mafarauta. Waɗannan kayan aiki ne, suna shan rana da ƙura da gumi, ana yawo da su kasuwa-kasuwa. Kalangun da ya ga jikan mai shi ya yi ƙoƙari. Tambari kuwa yana ɗaki a rufe, ba a fito da shi sai da dalili, shi ya sa yake daɗewa.

Gyara ba baƙon abu ba ne a wurin makaɗa, domin tare da kiɗan ake gadonsa. Kalangu ana yi masa fuska biyu da fatar ɗan akuya mai laushi, kuma wannan yanki shi ne gidan jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Tambari sai fatar sa. Ba a kai ta wurin majema a jeme ta da bagaruwa kamar fatar takalmi, ɗanya ake so. Mai gyara zai jiƙa ta har ta yi laushi, ya yanke ta da'ira ta zarce bakin kango, ya huda gefenta a jere, ya zura igiyar fata. Sai ya riƙa ja kaɗan-kaɗan, in ya ja nan ya koma ya ja kishiyar wurin, don kada fuskar ta karkace. Daga nan a bar ta a inuwa. Tana bushewa tana tsukewa, ita da kanta take ƙarasa ɗaurin. Wanda ya yi gaggawa ya shanya ta a rana tsaka zai iya jin kango ya tsage. A jikin tambari akan bar wata 'yar huda da ake zuba mai da kayan ƙamshi ta cikinta, don fata ta yi laushi murya ta zauna. Gangunan kotso da taushi kuma ana shafa musu nake a tsakiyar fuska don sauti ya yi zurfi.

Lokacin da aka cire tsohuwar fata shi ne lokacin da ganga ke ba da labarinta, kuma kangon shi ne shaida ta farko a kan shekarunta. A cikin kango ake ganin sawun gizago, sara bisa sara, yadda masassaƙi ya rarake icen. Bakin kango da ya sha fatu da yawa yakan yi sulɓi ya yi baƙi, da gurabun da igiya ta ci. Tsagar da aka ɗinke da fata, ko aka kama da ƙarfen da maƙeri ya buga, tana nuna gyaran da. Ƙusar kanti, da waya, da fenti, da igiyar leda, shaidar gyaran baya-bayan nan ne, amma ba su nuna cewa icen sabo ne. Nau'in icen ma shaida ne: alilliba masassaƙa suka fi so don kalangu da ganga saboda rashin nauyi, kuma faɗin kangon tambari yana nuna girman bishiyar da aka sare.

Shaida ta biyu bakin mutane ne. Ana ƙidaya waɗanda suka riƙe gangar, uba da kaka da kakan kaka, a ba kowane zamani shekara 25 zuwa 30, a kuma tuna cewa akan tsallake sunan wanda bai daɗe ba. Sannan a jingina labarin da abin da aka san shekararsa: zuwan Nasara a 1899, yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ambaliyar da ta tashi tsohon garin Maraɗi a 1945, samun mulkin kai a 1960, ko yunwar El-Buhari ta 1984. Tsohon da ba zai iya faɗin shekara ba yakan iya cewa an sauya fatar tambari bayan fari kaza, a zamanin sarki wane.

Shaida ta uku ta ɗakin bincike ce. Awon kabon 14, wanda Willard Libby ya ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, ya dogara ne a kan cewa rabin wannan sinadari yana ƙarewa cikin shekara 5,730 bayan mutuwar bishiya ko dabba. A shekarun 1960 Cheikh Anta Diop ya kafa ɗakin irin wannan awo a Dakar. Amma awon yana da iyaka. Lokacin da icen ya girma yake nunawa, ba ranar da aka sassaƙa shi ba. Kuma tsakanin wajen 1650 da 1950 sakamakonsa yakan ba da zamani biyu ko uku da za su iya dacewa, alhali yawancin tamburanmu a nan suka faɗo. Inda yake da kaifi shi ne bayan 1955, domin gwaje-gwajen bama-baman nukiliya sun ƙara yawan sinadarin a iska, har ana iya gane fata ko icen da ya rayu bayan wannan lokaci. Don haka awon ya fi amfani wajen tona asirin sabon abu da aka shafa wa tsufa don a sayar.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne ice. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, da faɗaɗa gonaki, sun cinye manyan itatuwan yankin. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka koma rainon tsiron da ke fitowa a gonakinsu, gawo da sauran itatuwa suka dawo da yawa, amma gungumen da zai ba da kangon tambari yana bukatar shekaru masu yawa. Kangon da gara ta ci ko aka sayar wa dillalan kayan tarihi, samun madadinsa sai an sha wuya. A Yamai, gidan tarihi na Boubou Hama da aka buɗe a 1959, da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, suna adana kayan kiɗan gargajiya. David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a Zariya da Katsina, sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da sassansu a littafinsu na 1971. Duk da haka mafi yawan tsofaffin gangunan suna hannun iyalai, kuma a can za su rayu ko su lalace.

Saboda haka kira ga sarakuna da sarakunan makaɗa da 'ya'yansu masu ilimin zamani: kafin a taɓa tsohuwar ganga a ɗauki hotonta ciki da waje, a auna ta, a naɗi muryar dattawan da suka san ta. Kada a kankare kango, kada a shafa masa fenti, kada a cike tsaga da siminti, don kada a yi gyaran gangar Auzinawa. A ajiye guntun tsohuwar fata da igiya. In an tarar da laya ko wani abin da magabata suka sa a ciki, a mayar da shi wurinsa. A ɗaga gangar daga ƙasa saboda gara da damshi. Sannan a rubuta sunan wanda ya yi gyaran da shekarar da ya yi shi, a ajiye takardar tare da gangar.