Show, display, produce, exhibit: duk "nunawa" ne, amma kowace da wurinta

Mu da muke zaune a Kudu, daga Agege da Mile 12 zuwa Sabo ta Ibadan, Lokpanta da Fatakwal, kullum muna cin karo da waɗannan kalmomi a shingen bincike, banki, kotu da jarida. Yaranmu kuma suna haɗuwa da su a JAMB, inda ake cewa a zaɓi kalma mafi kusa a ma'ana. Idan ka tambayi wanda ya ɗan yi boko, sai ya ce maka duk "nunawa" ne. Eh, haka ne, amma ba a nan maganar ta tsaya ba. Ko a Hausa ai nunawa daban, baje kaya daban, gwadawa daban, tonon asiri daban.

Kafin ka fassara ko ɗaya, tambayi kanka abu uku: wa ake nuna wa, mai abin yana so a gani ko ba ya so, kuma abin zai bar hannunsa ko zai zauna.

Asalinsu

Show ce kaɗai 'yar gida a cikinsu, daga tsohon Turanci, inda take nufin duba. Yawancin sauran daga Faransanci da Latin suka shigo, musamman bayan Normandawa daga Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, har yarensu ya zama na fada da na shari'a. Shi ya sa har yau show take yawo a kasuwa, sauran kuma suka fi zama a ofis da kotu.

Show

Ita ce uwa, ko ina tana shiga. "Show me the cow" shi ne nuna min saniyar. Idan ka rasa wacce za ka ɗauka, ɗauki wannan, da wuya ka yi kuskure. Sai dai a kula da "show cause" a takardar ofis ko ta kotu. Wannan ba nuna kaya ba ne, ana cewa ne ka kawo hujjar da za ta hana a hukunta ka, kuma galibi akwai wa'adi. Wanda ya jefa irin wannan takarda a aljihu ya manta, ya cuci kansa.

Display

Asalinta warware abin da aka naɗe. Baje abu ne a tsare, a inda duk mai wucewa zai gani, kamar yadda mai yadi yake rataye atamfa a bakin shago ko mai suya yake jera tsire. Ba sai an tambaye ka ba. Idan hukuma ta rubuta "display your permit", tana nufin a manna takardar a bango ko a gilashin mota. Idan tana cikin akwati a kulle, ko da ta gaskiya ce, ba ka cika umarnin ba. "For display only" kuma na gani ne kawai, ba na sayarwa ba.

Present

Gabatarwa ce a hukumance, ga wani mutum takamaimai. A banki za ka present da cek ko katin shaida. "Present yourself" na nufin ka je da ƙafarka, aike ba ya yi. Kalmar tana da wasu fuskoki: kyauta ma present ce, haka amsar da ɗalibi yake bayarwa idan an kira suna a aji.

Produce

Asalinta fito da abu gaba. A makaranta an koya mana cewa ƙerawa ce ko samarwa, amma a bakin jami'i tana nufin ka fito da abin da aka nema, yanzu, a duba. Na taɓa rako shanun Baba a tirela, aka tsayar da mu a wani shinge da dare, jami'in ya ce "produce the movement permit". Direba ya ɗago takardar ta taga ya mayar, shi a ganinsa ya nuna. Mutumin ya ɗauka raini ne, muka ɓata kusan awa biyu shanu na tsaye a mota. Da ya miƙa masa ita a hannu, da tuni mun wuce. Haka idan alƙali ya ce wa wanda ya tsaya wa wani beli "produce him", to ya kawo mutumin gaban kotu, in ya kasa kuɗin da ya sa wa hannu suna iya hawa kansa. Idan kuma aka danna farkon kalmar wajen faɗi, ta koma suna, wato amfanin gona.

Tender

Miƙawa ce a hukumance don a karɓa ko a ƙi. Lauya yana tender da rasit ko hoto a matsayin shaida, ɗaya ɓangaren yana iya ƙalubalanta, alƙali ya yanke. Daga nan aka samu "legal tender", kuɗin da doka ta ce a karɓa. Kowa ya ji ta lokacin canjin kuɗi, da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin 200, 500 da 1,000 suna nan da ƙarfinsu. Tanda ta 'yan kwangila ma ita ce.

Exhibit

Ba a furta harafin h, "igzibit" ake cewa. Fuska biyu gare ta. Ta farko baje abu mai daraja don jama'a su zo musamman su kalla, kamar a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, wanda aka buɗe a 1957, ko a kasuwar baje koli. Ta biyu ita ce ta kotu: abin da aka yi tender kuma alƙali ya karɓa, sai a sa masa alama, Exhibit A, Exhibit B. 'Yan sanda ma haka suke kiran kayan da suka riƙe saboda bincike. Don haka idan aka ce babur ɗinka ko motarka ta zama exhibit, ba ajiya aka yi maka ba, ta shiga cikin shari'a ke nan. Nemi lauya da wuri, kuma ka tabbatar an rubuta abin da aka karɓa.

Demonstrate

Gwadawa a aikace. Mai sayar da janareto idan ya ɗora shi a kan tebur, display ya yi. Idan ya ja igiya ya tayar da shi a gabanka, demonstrate ya yi. Amma demonstration a labarai yawanci zanga-zanga ce, in ka ji ana yi a hanyar da za ka bi, sauya hanya.

Reveal

Asalinta yaye mayafi. Bayyana abin da a da ba a sani ba, mai daɗi ko marar daɗi. "Investigation revealed" shi ne bincike ya gano. Mutum yana iya reveal da sirrinsa da kansa, babu tilas a ciki.

Expose

Wannan tana da kaifi. In mutum aka yi wa, fallasa ce, mai abin ba ya so. In kaya ne, an bar su a buɗe ba kariya: "exposed meat" a kwata shi ne naman da ƙuda da ƙura suke samu, kuma abin da duba-gari yake nema ke nan. Likita idan ya ce "exposed to tuberculosis", yana nufin ka yi kusa da mai tarin fuka, ba wai lallai ka kamu ba, gwaji ne zai nuna. A Turancin Najeriya kuma "he is exposed" yabo ne, wato wayayye ne, ya ga duniya. Kada ka ce wa kwastoma "let me expose my goods", display ake cewa.

Parade

Ita ce faretinmu. A jarida "police parade suspects" shi ne an yi holin waɗanda ake zargi gaban 'yan jarida. Wannan ba hukunci ba ne. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma Jihar Legas ta haramta irin wannan holi a gyaran dokar shari'ar laifuka da ta yi a 2021. "Parading himself as a soldier" kuma sojan gona ke nan.

Show off da flaunt

Duka biyun burga ce da nuna isa, don a gani a yaba ko a ji haushi. Flaunt ta fi zuwa a rubuce, an fi jinta a kan kuɗi, mota da sutura. Kada a haɗa ta da flout, wadda take nufin take doka da gangan. Masu jarrabawa suna son wannan tarko.

Abin riƙewa

Display da exhibit na jama'a ne. Present, produce da tender na hukuma ne, kuma takardar takan bar hannunka, don haka ka riƙa yawo da fotokwafi. Reveal da expose na ɓoyayyen abu ne. Parade, flaunt da show off na idon mutane ne. In kuma aka ba ka takarda mai irin waɗannan kalmomi ba ka gane ba, kada ka sa hannu don jin kunya, nemi wanda ka yarda da shi ya karanta maka. A kotu ma, sashe na 36(6) ya ba wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin tafinta kyauta idan ba ya jin yaren da ake shari'ar da shi. Ka buɗe baki ka nema.

Allah ya tsare mu a hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.