Akwatin Georgetown: zaɓen majalisar dattawan Jojiya na 1962

A Amurka kowace jiha tana da majalisar dattawanta da ta wakilai, ban da Nebraska mai majalisa ɗaya kamar jihohin Najeriya. A jihar Jojiya, shekara da shekaru, gunduma ce mai ƙuri'a, mutanen cikinta kuwa ba a damu da yawansu ba. Dokar 1917 ta raba wa gundumomi maki a zaɓen fidda gwani. Zuwa 1960, a cikin gundumomi 159, manya 8 suna da maki 6 kowacce, 30 na tsakiya suna da 4, ƙanana 121 suna da 2. Wanda ya ci gunduma ya kwashe makinta duka. Gundumar Fulton, inda birnin Atlanta yake, mai mutum fiye da rabin miliyan, makinta bai wuce na ƙananan gundumomi uku ba, ko da kowaccensu ba ta kai mutum dubu uku ba. Ta wannan hanya Eugene Talmadge ya samu tikitin gwamna a 1946, alhali James Carmichael ya fi shi yawan ƙuri'u.

A wancan zamanin kujerar dattawa ma karɓa-karɓa ake yi da ita. Galibi gundumomi uku ne a mazaɓa guda, bana wannan ta fitar da sanata, zango mai zuwa waccan. Sanatan da ya san ba zai dawo ba kuwa ba shi da nauyi a majalisa. Mai nauyi shi ne uban gidan siyasar gunduma, wanda akwatin zaɓe ke hannunsa.

A watan Maris na 1962 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Baker da Carr, cewa kotunan tarayya suna da hurumin duba yadda ake yanka mazaɓu. Ba a daɗe ba wata kotun tarayya ta rushe tsarin makin Jojiya, wata kuma ta umarci jihar ta tsara aƙalla majalisa ɗaya bisa yawan jama'a. Aka sake yanka mazaɓun dattawa 54 cikin gaggawa, aka sa ranar 16 ga Oktoba don fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat. A Jojiya ta lokacin, wanda ya ci wannan ya gama cin zaɓe.

Sabuwar mazaɓa ta 14 ta haɗa gundumomi bakwai a kudu maso yammacin jihar. Wani manomin gyaɗa daga Plains, tsohon sojan ruwa, Jimmy Carter, ya shiga takara saura mako biyu, ya kara da ɗan kasuwa Homer Moore. Da aka tattara sakamakon sauran gundumomi Carter ne a gaba da ɗan rata. Sai Quitman, ƙaramar gunduma a bakin kogin Chattahoochee, ta kawo nata: Moore 360, Carter 136. Aka ce Carter ya faɗi da ƙuri'a 139.

Quitman ta Joe Hurst ce, uban gidan siyasarta. A rumfar Georgetown, hedikwatar gundumar, ba a yi wurin sirri ba. Mutum yana zaɓe Hurst na tsaye a kansa. Rajista ta nuna mutum 333 ne suka zo, akwati kuwa ya haifi ƙuri'a 420. A cikin masu zaɓen har da matattu, da waɗanda ke kurkuku, da waɗanda suka bar gari tuntuni, kuma an tarar da jerin sunaye sun jefa ƙuri'a bi da bi bisa tsarin haruffa. A ganina abin da ya fi ɓaci shi ne yadda mutanen yankin suka saba da hakan har ba sa ganinsa abin magana. Sai da ɗan jarida John Pennington na Atlanta Journal ya je ya buga labarin, lauya Charles Kirbo ya karɓi ƙarar da Carter ya kai kan sakamakon, sannan aka saurare shi. Alƙali Carl Crow ya soke akwatin Georgetown baki ɗaya, Carter ya koma gaba da ƙuri'a 65.

Rigimar ba ta ƙare nan ba. Ana gab da babban zaɓen Nuwamba wani alƙalin ya ce a goge sunayen mutanen biyu daga takardar ƙuri'a, kowa ya rubuta wanda yake so da hannu. Carter ya samu 3,013, Moore 2,182.

Dole a faɗi cewa wannan duka rigima ce tsakanin farar fata. A gundumomi irin su Terrell da Sumter baƙaƙen fata suna da yawa ƙwarai, amma barazana da jarrabawar karatu sun hana mafi yawansu yin rajista, kuma haka aka ci gaba har zuwa dokar 'yancin zaɓe ta 1965. A Atlanta ne sabon tsarin ya fara nuna amfaninsa: a wannan zaɓen lauya Leroy Johnson ya ci kujera, baƙar fata na farko a majalisar dokokin jihar cikin fiye da shekara hamsin. Shi da Carter suka shiga majalisar dattawa tare a Janairun 1963, kuma a watan Maris na shekarar Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushe tsarin makin a shari'ar Gray da Sanders.