Tarihin Allurar Baya ta Aikin Haihuwa

 Yau hirarmu kan allurar nan ce ta baya, wadda ake yi wa mace in za a ciro mata ɗa ta tiyata. Mata da yawa sun fi tsoronta a kan wuƙar ma, don haka bari ku ji asalinta.

A shekarar 1898 wani likitan Jamus, August Bier, ya fara yin ta a birnin Kiel. Bayan ya yi wa marasa lafiya, sai shi da mataimakinsa suka gwada a jikinsu. Bier ya kwana tara a kwance da ciwon kai, domin ruwan da ke kewaye da laka ya tsiyaye ta hujin allurar. A 1900 Oskar Kreis ya yi wa mata masu naƙuda ita a Suwizalan.

Daga nan aka shiga gyara. A 1951 Hart da Whitacre suka fito da allura mai baki irin na fensir, wadda ke buɗa fatar da ta lulluɓe laka ba tare da ta yanka ba, ciwon kan ya ragu ƙwarai. A 1960 kuma aka gano cewa ɗan jinin matar kanta, in aka zuba shi kusa da hujin, yana toshe shi.

Sai batun faɗuwar jini, mai kawo jiri da amai. Allurar na sa jijiyoyin jini su saki, ga cikin kuma ya danne babbar jijiya in mace ta kwanta rigingine. Shi ya sa yanzu ake sa miki ƙarin ruwa, a ɗan karkata ki hagu, a riƙa awon jini a kai a kai, da maganin ɗaga shi a kusa.

To 'yar'uwa, ga naki aikin. In kin ji tashin zuciya ana cikin aiki, faɗa nan take, ba wurin kara ba ne. In kin koma gida kan ya riƙa sara da zarar kin zauna, ya lafa in kin kwanta, maigida ya mayar da ke asibiti. Mutuwar ƙafafun nan ta 'yan awoyi ce. Ribarki kuwa, idonki biyu za ki ji kukan jaririnki na farko.

Allah ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa.