Wa Ya Ɗauki Nauyin Sojan Turawa? Abin Da Ya Faɗa Kan Ƙasar Zuru

Da Turawa suka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897, ƙarƙashin Lugga, ba domin tsaron mutanen ƙasar nan suka kafa ta ba. Nufinsu shi ne su tare Faransawa, waɗanda suke ta kutsawa cikin Bargu. Don haka Baitulmalin Ingila ne ya ɗauki nauyinta, ba kuwa wanda ya ga abin gardama a nan, gama mai gona shi ke biyan mai tsaronta.

Amma fa ɗaukar ba da son rai ba ce. Ƙa'idar Gwamnatin Ingila ita ce kowace ƙasa da ke ƙarƙashinta ta ci da kanta. Tun 1765 ta gwada aza wa mutanen Amurka haraji don ta biya sojan da ta girke musu, kowa kuwa ya san inda maganar ta ƙare. Nijeriya ta Arewa ba ta da bakin teku, balle kuɗin fito. A shekarar kuɗi ta 1903 zuwa 1904, jim kaɗan bayan cin Kano da Sakkwato, taimakon da Ingila ta bayar ya haura fam 400,000, soja ne kuwa suka ci kaso mafi tsoka. Ikko da Kudu su ma suna ba da nasu, alhali yawancin abin da suke samu daga kuɗin fiton barasa yake. Neman sauke wannan kaya yana cikin dalilan haɗa Kudu da Arewa a 1914.

To, ina talakan Ribah a cikin wannan lissafi? Bayan an ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim ya gudu, sai aka sa ƙasar Zuru cikin Lardin Kwantagora. Gaskiya ita ce mutanen ƙasar sun sami sauƙi, domin harin bayi da ya hana su sakat ya mutu. Wanda ya ce ya kamata su biya, da wannan zai kafa hujja, ba kuwa hujjar banza ba ce. Sai dai tun 1898 Ingila da Faransa suka shirya kan iyaka, aikin soja ya koma cikin gida, wato rangadi zuwa ƙauyukan da suka ƙi haraji. Da dokar haraji ta 1906 ta kankama, aka riƙa raba abin da aka tara, kashi guda na En'e, kashi guda na Gwamnati, daga nata kuwa ake ciyad da soja. Ashe manomi shi ke biyan wanda zai zo ya tilasta masa biya.

Akwai kuma wani biya da littattafan Baitulmali ba su rubuta ba. Turawa sun ƙidaya Dakarkari cikin kabilun da suka dace da aikin soja, suka yi ta ɗibar samarinsu, waɗanda noman golmo ya riga ya koya wa jimiri. Sojan Nijeriya sun yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sa'an nan Afirka ta Gabas, sa'an nan Bama a yaƙin Hitila. Ba ko ɗaya daga cikin wuraren nan da ya yi iyaka da Ribah. A yaƙin na biyu Ofishin Yaƙi na Ingila ya karɓi ragamar rundunar, bai mai da ita hannun Gwamnatin Nijeriya ba sai 1958, ya miƙa ta tare da nauyin biyanta.