Daga M&B 693 Zuwa Amoksisilin: Tarihin Maganin Ciwon Huhu

A wannan makon za mu waiwayi tarihin maganin ciwon huhu, wato nimoniya.

Kafin shekarun 1930, likitan da ya samu mai nimoniya ba shi da abin yi sai jinya da jira. A shekarar 1938 aka gwada wani sabon magani mai suna M&B 693 a birnin Birmingham na Ingila. Cikin mutum 100 da aka ba su, 8 ne suka rasu, a cikin 100 da ba a ba su ba kuwa, 27 suka rasu. Da wani magani na dangin wannan aka yi wa Winston Churchill jinya lokacin da nimoniya ta kwantar da shi a Tunisiya a Disambar 1943.

Daga nan sai fenisilin ya karɓi ragama. Amma tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano shi a 1928, ya yi kashedin cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Haka kuwa aka yi. A 1967 aka samu ƙwayar nimoniya da ta fara bijire wa fenisilin a Ostareliya, a 1977 kuma aka samu wadda ta gagari magunguna da dama a Afirka ta Kudu.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ba da maganin ga kowane tari. An yi wani gwaji a ƙasashen Turai 12 kan manya 2,061 masu tari waɗanda ba a zargin nimoniya a jikinsu. Amoksisilin bai rage musu kwanakin ciwo yadda ake zato ba, sai ma ƙarin gudawa, tashin zuciya da ƙuraje. Dalili kuwa, yawancin irin wannan tari bairos ne ke kawo shi, antibayotik kuma bakteriya yake kashewa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. UNICEF ta ƙiyasta cewa nimoniya ta kashe yara 162,000 a Najeriya a 2018, fiye da kowace ƙasa, kuma amoksisilin ne maganin farko da ake ba su. Duk lokacin da muka saye shi a kemis don mura, muna rage ƙarfinsa ga yaron da numfashinsa ke sauri, ƙirjinsa na lotsawa. Irin wannan yaron asibiti za a kai shi nan take. Mai mura kuwa, ya bari ma'aikacin lafiya ya duba shi tukuna.